Keken ƙafa ko na kuran? Lissafin da tela za ta yi kafin ta ci bashin asusu

A taronmu na mako, bayan an gama zubi, wata ƴar uwarmu tela ta nemi bashi mai nauyi. Tana son keken ɗinki mai aiki da kuran, irin wanda maƙwabciyarta ta saya. Akwati ya daɗe a buɗe muna muhawara. Wasu suka ce a ba ta, zamani ya zo. Ma'ajiyarmu ta ce: "Yaya, kafin mu ƙirga kuɗi, gaya mana, ɗinki nawa kika mayar a watan jiya don ba ki da lokaci?"

Tambayar ke nan da ta raba gardama. Sabon keke yana ƙara sauri, amma ba shi kawo masu ɗinki. In aiki ya yi miki yawa har kina mayar da atamfofin mutane, ko kina biyan wani tela ya yi miki aikin wuya, to keken zai biya kansa. In kuwa da azahar kin gama aikin yini, sauri ba shi ne matsalarki ba.

Sai maganar wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke kuran da take ba Nijar. Maradi da Zinder, da layin Katsina ke ciyarwa, sun sha duhu, har aka maido da wutar a 2024. Masu keken ƙafa ba su tsaya ba. Ko yanzu, kowa ta san yadda wutar NIGELEC ke ɗaukewa da bazara. Don haka kada a saida tsohon Singer ko Butterfly don cika kuɗin sabo.

Na uku, gyara. A tambaya tun kafin a biya: akwai mai gyaransa a garinmu? Ana samun allura, kwarkwaro da bel nasa a kasuwa, ko sai an aika Kano?

Na huɗu, lokaci. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, bashin asusu na ɗan gajeren lokaci ne, kuma kuɗin na dukanmu ne. A misali, in biyan wata jika 15 ne, ribar riga ɗaya kuma jika ɗaya, sai kin ƙara riguna 15 a kan na kullum. Wannan ya fi yiwuwa gab da salla. Amma ba a koyon sabon keke a kan shaddar mutane cikin goman ƙarshe na azumi. A saya da wata biyu kafin azumi, hannu ya saba.

Ƴar uwarmu ta yi lissafi a gabanmu, ta ga ƙarin bai kai ba. Aka tsaya a tsakiya: ta karɓi ƙaramin bashi ta ɗaura mota a kan kekenta na da. In akwai wuta ta taka mota, in babu ta maida bel na ƙafa. Ta kuma buɗe kaye tana rubuta duk ɗinkin da ta mayar. Ranar rabon asusu za ta kawo mana shi, mu sake zama.