Jirgin Tururi a Hannun Mai Motar Kara

Duk wanda ya tashi a Augie ko ƙauyukan bakin fadamar Rima ya san abin da yara ke yi da kara idan kaka ta yi. Da an sare dawa an kai gida, sai ka gan su a gindin bishiya, kowa da guntuwar reza. A ɓare ɓawon karan a tsaga shi siri-siri ya zama ƙusa, totuwar ciki kuwa ita ce katako. A yanka tsohon silifas a yi tayoyi, a huda da ƙaya, a soka tsinke. Kafin la'asar an sami babbar mota, har da madubin gefe da wurin zaman yaron mota. Ba wanda ya ba su zane, ba wanda ya sayo musu kayan haɗi. Motar da ke lodin shinkafa zuwa Argungu suka kalla, suka riƙe ta a ka, hannu ya fitar da ita.

Wannan aiki da muke kira wasan yara, a wasu ƙasashe dattawa masu furfura ke yin sa, kuma ba sa jin kunya. Suna ƙera 'yan ƙananan jiragen ruwa na zamanin tururi da kwali da katako mai laushi da tsinken ashana, su shimfiɗa shuɗin ƙyalle a kan tebur a matsayin ruwa, su jera jiragen, su sake gwabza yaƙin da aka yi shekaru ɗari da suka wuce, kowane ɓangare da mai ba shi umarni. A kantunansu ana sayar da irin jiragen a yanke cikin kwali, sai dai mutum ya manna. Amma akwai waɗanda ba su yarda da na kanti ba, sai wanda suka fara daga tushe da abin da ke hannunsu. A kansu nake magana, domin su da yaron Augie sana'arsu ɗaya.

Ba don hira aka ƙirƙiro wasan ba. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz, a ƙasar Purusiya wadda daga baya ta jagoranci haɗewar Jamus, ya nuna wa manyansa yadda za a shimfiɗa taswira, a jera guntayen ƙarfe a madadin rundunoni, ɓangare biyu su kara, alƙali yana tsakiya yana yanke hukunci. Sojan ƙasar suka karɓe shi ya zama darasi. Na ruwa kuwa, Fred Jane ɗan Ingila ya fitar da ƙa'idojinsa a 1898. A shekarun 1930 marubuci Fletcher Pratt da abokansa a birnin Niyok na Amurka suka riƙa jera jiragen katako a daɓen babban zaure, kowa ya durƙusa ya kintaci nisan jirgin abokin gaba da ido, alƙali ya zo da tef ya auna. In ka dace harbinka ya samu, in ka kuskure ya faɗa ruwa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Liverpool. Daga 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Kyaftin Gilbert Roberts da wasu 'yan mata sojojin ruwa suka zana teku da alli a ƙasan ɗaki, suna tura 'yan jiragen katako, har suka gano dabarun da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke bi suna nutsar da jiragen kaya. Hafsoshi wajen 5,000 ne suka yi karatu a ɗakin kafin yaƙin ya ƙare. Alli da guntun katako sun ceci rayuka.

To, bari mu ɗauki jirgi ɗaya da ya shafe mu, mu ga yadda ake yi. A 1830 Richard Lander da ƙanensa suka zo Yawuri, daga nan suka gangara Kogin Kwara cikin kwale-kwale har teku. Bayan shekara biyu, a 1832, Lander ya dawo tare da ɗan kasuwa Macgregor Laird da jirage biyu masu tururi. Ƙaramin, wanda suka raɗa wa suna Albarka, na ƙarfe ne, nauyinsa tan 55, tsawonsa ƙafa 70, faɗinsa ƙafa 13. Wato kimanin mita 21 da mita 4. Idan aka yarda kowace mita ɗaya ta gaske ta zama santimita ɗaya a tebur, Albarka zai fito santimita 21, taƙi guda na babban mutum. Totuwa uku ko huɗu a jere, a soke su da ɓawon kara, a feƙe gaba ya yi tsini, an sami gangar jiki. Kwalin sabulu ya zama daɓe da ɗakin matuƙi. Bututun tsohon biro ya zama mafitar hayaƙi. Marafan kwalba biyu, ɗaya a kowane gefe, su zama manyan gargaren nan masu filafilai da ke dukan ruwa suna tura jirgi. Ƙaro ya riƙe, baƙin tukunya da ɗan mai ya yi fenti. Ba abin da aka sayo.

Bambanci biyu ne tsakanin wannan da motar kara. Yaro da ido yake awo, kuma idonsa ba ya cika ƙarya. Mai wasan tebur kuwa dole ya riƙe rula, domin in jirgi ɗaya ya fito da awo dabam da na sauran, lissafin nisa da na gudu duk ya rushe. Sa'an nan ba ya ƙera abin da ke ƙarƙashin ruwa. Daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, nan yake yanke shi, gindin ya zama a shafe, don ya zauna daram a kan ƙyalle. Sashen da ido ba ya gani, a takarda ake rubuta shi: zurfin ruwan da jirgin ke bukata, gudunsa in yana bin ruwa da in yana hawa, yawan icen da yake ci a yini.

A nan amfanin abin yake, kuma a nan nake so a tsaya. Ka tambayi yaron da ya saba ƙera motar kara taya nawa tirela ke da su, ko ina tankin mai yake, zai gaya maka ba tare da tunani ba, alhali babban da ya yi shekara ashirin yana hawan mota sai ya yi jim. Dalili kuwa, ranar da motarsa ta ƙi tsayuwa, tilas ya koma tasha ya leƙa ƙarƙashin ta gaske. Hannu ne ya aike shi. Haka mai ƙera jirgin tururi. Da ya zo manna kaya a kan daɓe zai tarar tukunyar tururi da inji sun cinye tsakiyar jirgin, sauran filin kuma na ice ne, domin jiragen Kwara da ice suka fi tafiya. Nan take zai gane cewa wannan dodon da ya firgita garuruwan bakin ruwa ba ya iya dogon zango sai ya raɓi gaɓa an saro ko an sayo masa makamashi, kuma mutanen gaɓa suna da ta cewa a kan tafiyarsa. Da ya zo rubuta zurfin ruwa zai gane abin da ya sa Turawa daga baya suka koma ga jirage masu shafaffen gindi da gargare ɗaya a baya, waɗanda ruwa ƙafa biyu ko uku ya ishe su. Kowane masunci a Augie ya san wannan karatu: jirgin da ya wuce lafiya da damina, da rani a kan yashi zai kafe. Littafin tarihi yakan ce "jiragen yaƙi sun hau kogi" ya wuce. Wanda ya ƙera jirgin ba zai bari a wuce haka ba, sai ya tambaya a wane wata, kuma wa ya ba su ice.

Tafiyar 1832 ɗin ma ba ta yi daɗi ba. Cikin Turawa 48 da suka shigo, 9 kaɗai suka tsira, zazzaɓi ya kwashe mafi yawansu. Sai a 1854 Dakta William Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, yana ba mutanensa kwinin, ya dawo ba wanda ya mutu. Daga nan hanya ta buɗe.

Idan ana neman yaƙin da ya cancanci a jera shi a tebur a makarantunmu, na Bida ne. A watan Janairu na 1897 George Goldie, shugaban kamfanin Royal Niger, ya tashi daga Lakwaja da sojoji wajen 500. A lokacin, babban ɓangare na rundunar Nupe yana kudancin Kwara, wajen Kabba, ƙarƙashin Makun Muhammadu. Sai jiragen tururi na kamfanin, ƙarƙashin William Wallace, suka tsare kogin suna kai da komo, wani ɓangare na Kyadya, waɗanda jiragen fito ke hannunsu, suka koma bayan kamfani. Rundunar Makun ta kasa ƙetarowa. Etsu Abubakar, sarkin Nupe da ke Bida, ya fuskanci bindigogi masu ruwa da igwa ba tare da su ba, Bida ta faɗi a ƙarshen watan. Mun saba jin cewa bindiga ce ta ci Nupe, kuma gaskiya ne, amma ka shimfiɗa ƙyalle, ka sa jirage uku na kara a tsakiya, ka ba ɗalibi ɗaya rundunar Makun ka ce ya ƙetare da ita. Zai gwada dare, zai nemi mashigi mai nisa, zai ce a lallashi masu fito. Kafin a tashi, shi da kansa zai gaya maka cewa an raba Nupe biyu tun ba a harba harsashi ɗaya a ƙofar Bida ba.

Teburin nan kuma zai amsa wata tambaya da ta shafi mu mutanen Kabi: me ya sa hayaƙin waɗannan jirage bai taɓa tashi a Gulbin Rima ba, alhali gulbinmu a Kwara yake zubawa? Duwatsu ne suka tare. A 1857 jirgin Baikie na biyu, Dayspring, ya bugi dutse kusa da Jebba ya farfashe. Daga Jebba zuwa sama kuwa ga gangaren duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, wuraren da Tafkin Kainji ya rufe bayan an gama madatsar a 1968. Shi ya sa sojojin Lugga da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 da ƙafa da doki suka zo, 'yan dako na ɗauke da igwa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce. Na farko, ai da ƙwayar ludo ake yi, caca ke nan. Amma ba a sa kuɗi, ba a cin kowa, kuma hanyar Pratt ta kintace da awo ba ta bukatar ƙwaya ko ɗaya. Lissafi ne tsantsa. Na biyu, batun mutum-mutumi: jirgi ba abu mai rai ba ne, rundunoni kuma guntun kara mai launi ya wadatar. Na uku shi ya fi nauyi: don me yaranmu za su ɓata lokaci suna ƙera jiragen waɗanda suka ci ƙasarmu da yaƙi? Ni dai a ganina wanda bai san yadda aka kayar da kakansa ba, labarin jaruntaka kawai zai gada, ba zai gaji darasin ba. Kuma ba jiragen Turawa kaɗai za a ƙera ba. Kwale-kwalen Kyadya suna da gurbi a teburin, haka na Sarkawa masunta. Akwai ma wanda ya fi su duka kusa da zuciyarmu. Ana ba da labarin cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame, yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, mutum hamsin ke tuƙa shi, da shi yake zaga garuruwansa idan fadama ta cika. Ka ba yaro wannan labari ka ce ya ƙera. Dole ya lissafa tsawon da zai ɗauki mutum ashirin da biyar a kowane gefe, dole ya je bakin gulbi ya tambayi masu jirgi tazarar da matuƙi ke bukata tsakaninsa da na gabansa, kuma zai dawo da tambayar ko irin wannan jirgi zai iya juyawa a gulbin Matan Fada. Wannan ya fi haddace shekarar da aka haifi sarki.

Abin da ke damuna shi ne muna kashe wannan baiwa da hannunmu. Yaro ya kai aji huɗu ko biyar, sai a ce ya girma, ya bar wasan kara. Motar roba ta kasuwa da wayar hannu su ƙarasa sauran. Alhali ƙasar da ke fama da ambaliya kusan kowace damina, wadda jama'arta ke ƙetare gulbi zuwa gona da kasuwa cikin jiragen da ake cika wa kaya fiye da kima, tana bukatar matasan da suka san yadda nauyi ke zama a cikin jirgi tun suna ƙanana.

Ina roƙon masu shirya bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, da su ware rumfa ɗaya ta gasar ƙera ƙananan jirage kusa da inda ake tseren kwale-kwale, waɗanda suka yi fice a ajiye su a Gidan Tarihi na Kanta. Kai kuma malam mai koyar da tarihi ko lissafi a Augie, ba sai ka jira kowa ba. Ka rubuta wa ɗalibanka awon Albarka a allo, tsawo santimita 21, faɗi santimita 4, ka raba su gida biyu, ka ce kowane gida ya zo da jiragensa ranar Litinin.