Yadda ake ƙawata gida a daren Halloween

Kowace ranar 31 ga Oktoba, gidaje a Amurka da Ayalan da Birtaniya kan cika da kayan ban tsoro na wasa. Bikin ya samo tushe ne daga Samhain, tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayalan da Sikotilan.

Kabewa ce uwar adon. Ana yanke samanta, a kwashe 'ya'yan, a fafe idanu da baki mai haƙora, sannan a sa haske a ciki. A da can a Ayalan, da wani tushen lambu mai tauri, ɗan uwan kabeji, ake yin wannan. 'Yan Ayalan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tarar kabewa ta fi girma da sauƙin fafewa. Wajen hasken kuwa, fitila mai batir ta fi kyandir aminci, domin kayan yara na saurin kama wuta.

Sauran adon ba ya cin kuɗi: tsohon farin zanin gado ya zama fatalwa, auduga ta zama yanar gizo, baƙar takarda ta zama jemagu.

Wajen ciye-ciye kuwa, ana tsoma tuffa cikin narkakken sukari, a gasa 'ya'yan kabewar da gishiri. 'Yan Ayalan kan gasa burodin barmbrack mai busasshen inabi, su ɓoye zobe a ciki, wanda ya same shi a ce aurensa ya kusa.