Daga Bakassi zuwa Makoda: Yadda rikicin iyakar teku ya sauya tsarin tsaron Najeriya

Manoman Makoda da yawa ba su taɓa ganin teku ba, amma harkarsu na ratsawa ta cikinta. Sinadarin fosfet da ake haɗa takin zamani da shi, a jirgin ruwa ake kawo shi daga Maroko. Riɗi da zoɓorodon da ake tarawa a kasuwar Dawanau kuma ta tashoshin jiragen ruwan Legas suke fita.

A Bakassi, yanki mai arzikin kifi da mai, Najeriya ta koyi darasin iyakar ruwa. A watan Mayun 1981 an kashe sojojinta biyar a arangama da dakarun Kamaru. A Disamban 1993 gwamnatin Janar Sani Abacha ta tura sojoji yankin, Kamaru kuma ta garzaya kotun duniya a 1994.

Ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotun ta bai wa Kamaru Bakassi, bisa yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1913. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta, 2008. Masunta da dama sun bar gidajensu.

Tun ana cikin shari'ar Najeriya ta fara fifita sulhu. A 2000 ta shata iyakar teku da Equatorial Guinea. A 2001 ta amince da Sao Tome su haƙo mai tare, ita ta ɗauki kashi 60, Sao Tome kashi 40.

Daga nan hankalin sojan ruwa ya koma kan 'yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai. Duk harin da aka kai wa jirgi, kuɗin inshora na tashi, ƙarin kuma kan biyo buhun taki har gona. A 2013, a Yaounde, Najeriya da Kamaru suka shiga yarjejeniyar tsaron Tekun Guinea tare da maƙwabta. A 2019 aka yi dokar hukunta fashin teku, a 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue mai jiragen sintiri na ruwa da na sama.

Yau rundunar sojan ruwa na da kwalejin horar da masu kula da kayan aikinta a Dawakin Tofa, ƙaramar hukumar da kasuwar Dawanau take.