Me ya sa ƴar damfara ke burge mu a fim?

Ƴan uwa mata, ƴan asusu na Filinge, Shikal, Luma, Tukunus da sauran garuruwan Kurfai.

Kwanakin nan wani fim na Amurka mai suna Inventing Anna ya shigo hirarmu ta bayan zubi. Ɗiyanmu ke nuna muna shi a salula, suna ji da faransanci suna fassara muna. Kamfanin Netflix ya hiddo shi a 2022, kashi 9, kuma a kan labarin gaskiya anka gina shi. Kowa ya san yarinyar macuciya ce, amma da an kusa kama ta sai ki ji mata na cewa "wayyo, Allah sa ta kuɓuta!" Wannan ya isa mu zauna mu yi tunani.

Sunanta Anna Sorokin. An haife ta a Rasha a 1991, mahaifinta direban babbar mota ne, daga baya sunka koma Jamus. A birnin Niyok tana amfani da sunan Anna Delvey, tana cewa ita ɗiyar attajirai ce mai jiran gadon miliyan 60 na kuɗin Turai. Tana kwana a manyan otal, tana kyautar dalar Amurka 100 ga ma'aikata, har ta nemi bashin dala miliyan 22 daga banki da takardun ƙarya. Ta kai wata ƙawarta yawon shaƙatawa Maroko, ta bar ta da bashin kusan dala 62,000. An kama ta a 2017, kotu ta yanke mata ɗaurin shekara 4 zuwa 12 a 2019.

To, mi ke jan mu? Da farko dai da tatsuniyar Gizo anka raine mu. Tun muna yara muke tafa wa ƙaramin da ya ka da babba da wayo. Na biyu, waɗanda take damfara masu banki ne da masu kuɗi, irin waɗanda talaka ke tsayawa ƙofarsu ba a ko dube shi ba. Na uku, kuma shi ne babba: mai kallo ya san asirin. Muna zaune kan tabarma muna ganin tarkon, muna dariyar wanda zai faɗa, muna jin mu kam ba a yi muna haka.

Amma ranar da ɗan damfara ya zo ƙofar gidanmu, babu mai nuna muna asirin. A wannan ranar mu ne ƙawar da anka bari da bashi.

Ku lura da dabarun Anna, don irin su ake kawo muna. Tana fara kyauta don a saki jiki. Tana shigowa ta hannun wanda anka yarda da shi. Kuɗinta kullum "suna hanya". Kuma tana sa mutum jin kunyar tambaya, kada a ce bai waye ba. Haka mai kiran salula ke cewa ya turo kuɗi bisa kuskure a maido mishi. Haka baƙo ke zuwa da jaka da takardu, wai porje ce za ta ba mata jari, amma sai kowace ta fara biyan kuɗin rubuta suna, kuma yau ake rufewa.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana. Wani tsari mai suna MMM, na wani ɗan Rasha Sergei Mavrodi, ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. Na farko sun samu, da kuɗin na baya anka biya su, su kuma sunka jawo dangi da abokai. A Disamba 2016 anka dakatar da biya, mutane da yawa sunka yi asara. Mu yi lissafi: da irin wannan riba, jikka 10 za ta wuce jikka 230 a shekara guda. Wace sana'a ke haka? Ko kiwon rago, ko ƙuli-ƙuli, ko ajiyar wake zuwa bazara? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mu kuwa muna da garkuwa. A 1991, shekarar da anka haifi Anna, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, har ƙasashe da yawa sunka kwaikwaya. Akwati mai kwaɗo uku, mabuɗai a hannun mata uku, ƙidaya a gaban kowa. Ribar kaɗan ce, amma mun san daga inda ta hito: daga sana'ar ƴar uwar da ta ci bashi ta biya.

Saboda haka mu riƙe waɗannan. Kada a buɗe akwati sai a taro. Duk wanda ya zo da shawarar kuɗi, ko ɗan ɗakinmu ne, ya faɗe ta gaban mata duka, a ba shi amsa mako mai zuwa. Mu tambaya: ribar daga ina? Ina ofishinku? Magajin gari da mai gari sun san da ku? Kada mu ba kowa lambar sirri ta salula. In kuma an cuci wata daga cikinmu, kada mu yi mata dariya. Kunya ke sa ta yi shiru, shirun nan ne ke ba macuci damar shiga gida na gaba. Mu raka ta wurin jandarma.

Kallo ba laifi, mu kalla mu yi nishaɗi. Amma a taron mako mai zuwa, kowace ƙungiya ta ware ɗan lokaci bayan zubi, mata su ba da labarin irin tarkon da anka taɓa kawo musu. Allah shi tsare muna guminmu, amin.