Fim mai waƙa ne ya riƙe mu lokacin da aka ɗauke sabis a Isa

Bari in tona wa kaina asiri kafin abokaina su riga ni. Ni ɗin nan, ɗalibin aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, idan ina kallon fim aka zo wajen waƙa ba na turawa gaba. Mayarwa baya ma nake yi in sake ji. Abokan ɗakina sun yi mini tsiya har sun gaji. Akwai wani Bakano a cikinsu da kullum yake cewa: "Kai Bagobiri, ƙato da kai, mutane suna Netflix kai kana nan kana kallon ana zagaye bishiya!" Dariya kawai nake yi in ƙyale shi, don bai san inda na samo wannan ciwon ba. Amma kai mai karatu, yau zan faɗa maka.

A watan Satumba na 2021 ina gida Isa, na gama sakandare ina zaman jira. A watan ne aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Isa da Sabon Birni suna ciki. Aka kuma hana sayar da fetur a jarka, don haka ko cajin waya ya zama aiki. Ka ɗan kwatanta a ranka: waya tana hannunka, amma ba WhatsApp, ba Facebook, ba TikTok, ba ka ma iya kiran ɗan'uwanka da ya yi tafiya ka ji ko ya sauka lafiya. Masu layin Nijar a garuruwan bakin iyaka su ne 'yan gata, su ma sai sun nemi tudu.

Abin da ya rage mana shi ne memori. Duk wanda yake da fim a wayarsa ya zama babban mutum. Xender ba ya neman data, sai fim ɗaya ya zagaye unguwa daga wannan waya zuwa waccan. Bayan sallar isha'i ba mai fita. Sai mu taru a tsakar gida, ni da Inna da ƙannena da wasu 'yan'uwa mata da suka gudo daga ƙauye suka sauka wurinmu, a jingina waya da kofi, a rage sauti ƙasa-ƙasa don a riƙa jin motsin waje. Haka muka kalli Kuch Kuch Hota Hai na Shah Rukh Khan da Kajol, da Mansoor, da Indiya fassarar Algaita iri-iri, har ƙannena suka haddace maganganun ciki.

Daren da ba zan manta ba shi ne wanda aka kunna Sangaya, tsohon fim ɗin nan na Ali Nuhu da Fati Muhammad. A cikin baƙinmu akwai wata gwaggo tawa da tun da ta zo ba ta cika magana ba. A gaishe ta ta amsa, a ba ta abinci ta taɓa kaɗan, shi ke nan. Da aka zo wajen waƙa sai muka ji tana bi a hankali. Ashe tana amarya ta kalle shi, lokacin da ake kunna kaset da janareto a gidan wani maƙwabcinsu. A daren nan ta ba mu labarin bikinta, har ta yi dariya. Inna ta juya tana share ido. Wallahi tun daga ranar na daina jin kunyar cewa ina son fim mai waƙa.

Da na zo jami'a ne na gane ashe wannan son yana da dogon tarihi. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori (mutanen Labanon) suke kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, kakanninmu suka ga abin da ya yi kama da rayuwarsu: auren dole, kunya tsakanin saurayi da budurwa, biyayya ga iyaye, talaka da mai kuɗi. Wani Bature mai bincike, Brian Larkin, ya yi rubutu mai zurfi kan yadda Kanawa suka rungumi waɗannan finafinai, haka ma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nazarin yadda salon Indiya ya shigo fim ɗin Hausa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Kafin shekara goma ta cika, waƙa ta zama gishirin harkar. Mai saye yakan fara tambayar waƙoƙin da ke ciki kafin labarin.

Me ya sa waƙar take kama mu haka? A ganina, saboda mu mutane ne masu kunya. Akwai maganar da Bahaushe ba zai iya kallon idon mutum ya faɗa ba, amma idan aka sa ta a baiti sai ta wuce lafiya. Kuma yawanci jarumin motsa baki kawai yake yi, masu muryar suna bayan fage: su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, da Fati Nijar, wadda 'yar Maraɗi ce, nan maƙwabtanmu da muke cin kasuwa tare.

Na san akwai masu suka, kuma ba duka maganarsu ce za a zubar ba. Malamai sun daɗe suna ƙorafi kan rawar mace da namiji, kuma wannan yana cikin abin da ya sa Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Wasu kuma suna cewa kwaikwayon Indiya ya yi yawa, a ɗauko labari sukutum a sauya sunaye kawai. Gaskiya ne, na sha ganin fim ɗin da aka cusa wa waƙa ba gaira ba dalili, ana cikin zaman makoki sai ga mutane a lambu da anko. Yanzu da masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓe kasuwa a YouTube, labari ya fi ƙarfi, rawa ta ragu, kuma ban ga laifin hakan ba.

Ni abin da ke damuna daban ne. A duk finafinan da na kalla a tsakar gidanmu, ban ga gidanmu ba. Falo ne na Kano ko Kaduna ko Abuja, manyan motoci, kamfanin Alhaji. Idan ka ji mutum ya ce "mi kaka so" ko "ina zuwa wurin Inna ta", wato harshen da aka raine ni da shi, to ka shirya dariya, don yawanci mai gadi ne ko baƙauyen da aka kawo don a yi nishaɗi da shi. Sunan Isa da Sabon Birni kuwa, idan ka rubuta su a intanet, ka san abin da zai fara fito maka: hari, garkuwa, gudun hijira. Duk ya faru, ba mai musu, mu muka gani da idonmu. Amma ba shi kaɗai ne mu ba.

Ka san Ibrahim Narambaɗa? Mutumin Tubali ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya, waƙar da har yau ake nazarinta a jami'o'i. Ka saurare shi da kyau: ga jagora, ga 'yan amshi, ga kotso, ga zambo, ga labari yana tafiya. Me ya rage wannan ya zama fim mai waƙa in ba kyamara ba? Sannan ga kufan Alƙalawa a ƙasar Sabon Birni, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Ga Bawa Jan Gwarzo da zaman da ya yi da malamai a Magami, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Indiyawa da sun samu irin wannan, da tuni sun yi mana fim na awa uku muna tura wa juna.

To wa zai yi? Kada mu zauna jiran Kannywood ta ɗauko kayan aiki ta zo Isa a halin da hanya take ciki. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ta fi kyamarar da aka ɗauki Turmin Danya kyawun hoto. Ka fara da abin da ke kusa. Ka zauna da kakarka ta rera maka waƙar daka ko ta niƙa ka naɗa. Ka ɗauki minti uku na mai tura fim a unguwarku yana ba da labarin sana'arsa. Ku haɗu ku huɗu ku rubuta ɗan gajeren wasa da harshenku na gida, ba tare da kun mayar da shi abin dariya ba.

Sai dai a yi da hankali, don wurinmu ba wurin wasa da kyamara ba ne. Kada ka ɗauki wanda ya gudo daga ƙauyensu ba da izininsa ba. Kada ka nuna fuskar yara ko ka faɗi inda mutane suke kwana don neman mabiya. Idan mutum ya ce a goge, a goge. Babu bidiyon da ya kai ran mutum.

Ni dai na riga na yi wa gwaggona magana. Ta ce idan na zo hutu za ta rera mini waƙoƙin da aka yi mata ranar kamu, da sharaɗin muryarta kawai zan ɗauka ban da fuska. Na amince. Shi kuwa Bakanon ɗakinmu, shekaranjiya na kunna Narambaɗa ina wanki, ya yi shiru yana saurare, can ya ce: "Bagobiri, ɗan turo mini wannan." Na tura masa, na haɗa masa da Sangaya.