Abin da ya kamata ku sani kafin ku naɗe ƙotar tsohuwar guduma

Kan guduma ba ya saurin mutuwa. Ƙarfe ne da ya sha wuta, yana iya yi wa uba aiki ya kuma yi wa ɗa. Abin da ke gajiya shi ne ƙota, musamman wurin riƙo, inda gumi da ƙura da rana suke haɗuwa kullum. Itace ya yi santsi ko ya fara tayar da sartse, roba ta tsattsage ko ta riƙa juyawa a hannu. Gyaran ba shi da wuya, kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba. Sai dai yawancin mutane da naɗi suke farawa, alhali naɗi ne ya kamata ya zo ƙarshe, domin yana ɓoye aibin da ke ƙarƙashinsa.

Ku fara warware duk abin da aka taɓa ɗaurawa, baƙin tef ne, tsumma ne ko waya, ku ga ƙotar tsirara. Ku riƙe kan da hannu ɗaya, ƙotar da ɗaya, ku murɗa. In kan ya motsa ko kaɗan, a ajiye maganar riƙo tukuna. Sannan ku bi itacen da ido, musamman wuyansa kusa da ƙarfe, inda yake shan duka duk lokacin da aka kuskure ƙusa. Tsaga da ta bi tsawon ƙota, ko 'yan ramuka masu zubo gari, alama ce ta cewa ƙotar ta gama yayi. Wannan ba ta naɗuwa, sauyawa ake yi. Masassaƙa sun san kirya da marke da aduwa, itatuwa masu tauri da aka saba sassaƙa ƙota da su. Gudumomin da ake yi a Amurka kuwa yawanci da itacen hikori ake sa musu. Kowanne aka zaɓa, ya zama busasshe sarai.

Akwai dabarar da kusan kowa ya gada: kan guduma ya yi sako-sako, a tsoma shi cikin bokitin ruwa ya kwana. Da safe za a same shi daram, gaskiya ne. Amma itacen da ya kumbura cikin ramin ƙarfe ba shi da wurin zuwa, sai ya matse kansa ya murƙushe. Ranar da ya bushe, musamman da hunturu, zai koma ya fi da sako-sako. An yi ba a yi ba ke nan. Abin da ke riƙe kan guduma shi ne ɗan guntun itace ko ƙarfe mai siffar bakin gatari da ake kafawa a tsagar saman ƙota. A buga gindin ƙotar a kan dakali don kan ya zauna sosai, sannan a ƙara buga guntun ya shiga, ko a kafa sabo.

Idan ƙotar itace ce lafiyayya, a ganina ba ta bukatar naɗi ko kaɗan. Santsin da ake kuka da shi yawanci tsohon fenti ne ko banish, da dauɗar da gumi ya dama. Banish ɗin nan mai sheƙi na jan ido ne a shago. A hannu shi ke sa a ƙanƙame ƙota fiye da kima, shi ke tayar da bororo. A kankare shi da bakin wuƙa ko fasasshen gilashi, kamar yadda tsofaffin kafintoci ke yi, ana bin tsawon itacen. Sai a goge da samfefa mai lamba 80, a bi da 120, a tsaya nan. In aka wuce haka santsin zai dawo. Kada a cinye kumburin da ke gindin ƙota, shi ke hana guduma suɓucewa idan an ɗaga ta. Daga nan a shafa man linsid, wanda ake samu wurin masu sayar da fenti, a bar shi kamar minti 20, a goge rarar tas, washegari a maimaita. Tsumman da aka yi aikin da shi kuwa kada a dunƙule shi a jefa a kusurwa: man linsid na yin zafi yayin bushewa, tsumman na iya kamawa da wuta shi kaɗai. A shanya shi a buɗe a waje. In ba a samu linsid ba, kakin zuma da aka narka da ɗan man kaɗe ya wadatar. Baƙin mai na inji, wanda ya fi sauƙin samu a gareji, ba na riƙo ba ne: ba ya bushewa, kuma ba abin da fata za ta yini tana sha ba ne.

Gudumar da ƙotarta ƙarfe ce, ita ce naɗi ya zame wa dole, don ƙarfe tsirara yana tura girgizar duka har gwiwar hannu. Duk wanda ya yini da gudumar da mai walda ya liƙa wa fayif ya san wannan. In robar asali tana nan, juyawa kawai take yi, a zare ta, a goge tsatsar ƙarfen, a wanke ciki da waje su bushe, a dama gam ɗin Araldite kashi ɗaya da kashi ɗaya, a shafa, a mayar, a ba ta kwana guda cur.

In robar ta mutu, tsohon tiyub na babur ko keke daga wurin mai faci ya isa. A yanka shi dogon zare mai faɗin kamar santimita 2, a wanke hodar da ke jikinsa, a ɗan karce shi da samfefa. A shafa gam ɗin Evo-Stik a ƙarfen da kuma robar, a jira kamar minti 10 har ya daina bin yatsa; masu gaggawa a nan suke faɗuwa. Sai a fara naɗi daga gindi zuwa sama, ana ɗan ja, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa. Ku riƙa gwadawa da hannu: yatsu su kusa taɓa tudun babban yatsa. Riƙon da ya yi kauri yana gajiyar da hannu kamar wanda ya yi siriri. Makanikai su lura, fetur da man inji suna kumbura robar tiyub su mayar da ita danƙo. Su igiya siririya mai ƙarfi ta fi dacewa da su. A kwantar da hancin igiya a tsawon ƙotar, a naɗe kansa a matse, a zura bakin ƙarshe cikin hancin, a jawo ɗaya bakin har ya shige ƙarƙashin naɗin, a yanke. Ba ƙulli, ba abin da zai ci tafin hannu.

Wani lokaci a kayan gwanjo, a wurare irin Panteka ta Kaduna, akan ci karo da guduma mai riƙon fata, zobe-zobe an jera su a matse. Wannan salon kamfanin Estwing ne na garin Rockford a Amurka, wanda aka kafa a 1923, kuma kan da ƙotar ƙarfe ɗaya ne. Fatar kan bushe ta ja baya, zobban su riƙa yawo. Kada a yanke su a zubar. A goge da samfefa mai laushi, a shafa mata man kaɗe kaɗan-kaɗan. In akwai giɓi, baduku zai yanko kirgi daidai kauri ya cusa da gam.

Ƙotar faiba ita ce mafi ƙarancin magana. Riƙonta na gyaruwa kamar na ƙarfe, amma da zarar wuyanta ya fara tayar da zare-zare masu ƙaiƙayi, ta tashi aiki. Haka ma fuskar gudumar: in ta ɓantare ko gefenta ya baje, ɓarɓashin ƙarfe na iya tsalle ya faɗa ido, kuma sabon riƙo ba zai hana shi ba.