Son Kai da Son Alheri a Ma'aunin Masana Tattalin Arziki

1.0 GABATARWA

Hausawa kan ce, "So duka so ne, amma son kai ya fi." Ilimin tattalin arziki, kamar yadda aka daɗe ana koyar da shi a jami'o'i, a kan irin wannan ra'ayi aka kafa harsashinsa. An ɗauka cewa duk wanda ya shiga harkar dukiya ba abin da ke gabansa illa ribar kansa, kuma in aka ba shi zaɓi biyu zai ɗauki wanda ya fi cika masa aljihu. A shekarar 1776 Adam Smith, mutumin Sikotilan, ya bayyana a littafinsa na arzikin al'ummomi cewa neman biyan bukatar kai shi ke motsa kasuwa har jama'a su wadata. A 1836 kuma John Stuart Mill ya taƙaita fagen wannan ilimi ga mutum ta fuskar kwaɗayinsa na tara dukiya. Sai dai kuwa shi Smith ɗin, tun a 1759, ya riga ya rubuta wani littafi a kan ɗabi'a, inda ya ba tausayi da kula da ra'ayin jama'a babban matsayi a halin ɗan Adam. Magadansa suka riƙe littafin dukiya, suka yi sakaci da na ɗabi'a.

Daga wajen 1980 wani reshe ya tsiro a wannan ilimi, wanda ke auna abin da mutane ke aikatawa a zahiri ta hanyar gwaji. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana muhimman gwaje-gwajen, da nuna cewa abin da suka gano dalilai ne iri iri masu sa mutum ya saki hannu, waɗanda harshen Hausa ya riga ya raba wa kowannensu sunansa.

2.0 GWAJE-GWAJE UKU

2.1 Wasan karɓa ko fasawa

A 1982 Werner Güth da abokan aikinsa biyu suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban Jami'ar Kolon ta Jamus. Ana haɗa mutum biyu waɗanda ba su san juna ba, a ba na farko kuɗi, a ce ya yanka wa na biyu abin da ya ga dama. In na biyu ya karɓa, kowa ya tafi da rabonsa. In ya ƙi, a fasa kowa ya rasa. Bisa lissafin son kai tsantsa, kamata ya yi na farko ya ba da mafi ƙanƙantar abu, na biyu kuma ya karɓa, tun da kaɗan ta fi babu.

Abin da ya auku ya saɓa wa wannan lissafi. An maimaita gwajin sau da yawa a ƙasashe dabam dabam, kuma galibi masu rabo kan miƙa kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Tayin da ya gaza kashi 20 kuwa, kusan rabin lokaci akan yi watsi da shi. Watau mutum ya gwammace ya tashi hannu banza da a raina masa hankali. Da aka yi zargin cewa ƙarancin kuɗin ne ya jawo haka, sai Lisa Cameron ta kai gwajin Indunisiya da kuɗin da ya kai abin da mutum kan kashe a wata uku. Sakamakon da ta buga a 1999 ya nuna masu rabo ba su fasa kusantar raba daidai ba, ko da yake masu karɓa sun ɗan rage ƙin tayi.

2.2 Wasan wuƙa da nama

Tambayar da ta biyo baya ita ce, mai rabon nan adalci ne ya sa shi, ko tsoron kada a ƙi tayinsa? Don warware wannan sai aka cire wa na biyu ikon ƙi, aka bar wuƙa da nama a hannun na farko. A gwajin Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler na 1986, an ba ɗalibai zaɓi game da dala 20: ko su riƙe 18 su ba da 2, ko su raba 10 da 10. Kashi 76 cikin 100 suka zaɓi raba daidai. A 2011 Christoph Engel ya tattara sakamakon gwaje-gwaje irin wannan fiye da 100, ya tarar matsakaicin abin da ake bayarwa kashi 28 ne, kuma wajen sulusin mutane ba sa ba da ko anini. Ke nan kyautar tana nan, amma ta ragu ƙwarai da zarar tsoro ya kau.

2.3 Wasan asusun taro

Na uku ya shafi aikin haɗin gwiwa. A gwajin Ernst Fehr da Simon Gächter da aka buga a 2002, an kasa ɗalibai 240 a birnin Zurik huɗu huɗu, aka ba kowa maki 20 waɗanda za a musanya masa da kuɗi. Duk maki ɗaya da mutum ya zuba a asusun taro yana zama 1.6, a raba wa su huɗun daidai. In kowa ya zuba duka, kowa ya tashi da 32. Amma wanda ya noƙe ya bar sauran suka zuba, shi ya fi kowa samu. Da aka yi ta maimaita wasan, gudummawa ta yi ta raguwa, domin masu zubawa sun gaji da ciyar da 'yan cima-zaune. Da aka ba da damar horo, watau mutum ya ɓatar da makinsa 1 don a zabge wa wani 3, fiye da kashi 80 suka yi horon aƙalla sau ɗaya, gudummawa kuwa ta yi ta hauhawa. Abin lura shi ne, ana sauya abokan wasa a kowane zagaye, saboda haka mai horon ba zai ci moriyar gyaruwar wanda ya hora ba.

3.0 TASIRIN AL'ADA

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje da ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka aka yi su. Domin cike wannan giɓi, Joseph Henrich da wasu masana suka kai wasannin ga ƙananan al'ummomi 15 a ƙasashe 12, suka buga sakamakon a 2001. Ba a sami al'umma ko ɗaya da ta bi lissafin son kai tsantsa ba, amma bambancin da ke tsakaninsu babba ne. Machiguenga na ƙasar Peru, waɗanda kowane gida ke noma da farautarsa shi kaɗai, matsakaicin tayinsu kashi 26 ne, kuma da wuya su ƙi tayi. Mutanen Lamalera na Indunisiya, masu fita cikin jirgi ƙungiya ƙungiya farautar manyan dabbobin teku, nasu ya kai wajen kashi 58. Au da Gnau na Papuwa Niu Gini kuwa sukan ƙi har tayin da ya wuce rabi, domin a al'adarsu karɓar babbar kyauta ɗaukar bashi ne da ƙasƙantar da kai. Makiyayan Orma na Kenya da aka kawo musu wasan asusun taro, nan take suka kira shi harambe, watau karo-karon da sukan yi don gina makaranta ko gyaran hanya, suka kuwa zuba da yawa. Manazartan sun kammala da cewa inda rayuwa ta dogara ga haɗin kai, ko ga ciniki da baƙi a kasuwa, nan aka fi samun raba daidai.

4.0 RABE-RABEN DALILAI

Masana sun yi ƙoƙarin tantance abin da ke ƙarƙashin wannan hali. Fehr da Klaus Schmidt, a 1999, sun danganta shi ga ƙin rashin daidaito: mutum na jin zafi in an fi shi, yana kuma jin nauyi, ko da yake bai kai wancan ba, in ya fi wani. Matthew Rabin, a 1993, ya ba niyya muhimmanci, watau a saka alheri da alheri, mugunta da mugunta. James Andreoni kuwa, a 1990, ya nuna cewa daɗin da mai bayarwa ke ji a ransa shi ma wani lada ne da yake nema. Akwai kuma ganin ido. A 1994 Elizabeth Hoffman da abokan aikinta sun tsara wasan wuƙa da nama ta yadda ko mai gudanar da gwajin ba zai san abin da kowa ya bayar ba. Fiye da kashi 60 suka riƙe kuɗin gaba ɗaya.

A nan ne manazarcin Hausa ke da abin cewa, domin kalma ɗaya ba za ta ɗauki waɗannan ma'anoni duka ba. Sadaka ita ce bayarwa don Allah ba tare da jiran sakayyar mutum ba. Biki, irin wanda mata kan kai wa juna a suna ko aure, bayarwa ce da ake sa ran dawowarta, sau da yawa da ƙari. Wannan shi ne saka alheri da alheri. Kara da kunya su ke sa mutum ya bar haƙƙinsa don nauyin wanda ke gabansa, riya kuwa ita ce yi don a gani a yaba. Haka nan rowa dabam take da son zuciya, tun da marowaci nasa yake hanawa, mai son zuciya kuwa har na wani yake hange. Malamin da zai koyar da wannan fanni da Hausa, in ya tattara su duka a ƙarƙashin "kyauta", ya rushe bambancin da gwaje-gwajen suka sha wahala kafin su fito da shi.

Akwai kuma shaida daga ƙasar Hausa kanta. A 1988 zuwa 1989 Christopher Udry ya bi diddigin rance a gidaje kusan 200 cikin ƙauyuka 4 na kusa da Zariya. Ya tarar kusan dukkan rancen tsakanin dangi ne da maƙwabta, galibi ba takarda, ba jingina. Abin da ake biya kuwa yana bin halin da ɓangarorin biyu suka shiga: in masifa ta faɗa wa mai cin bashi, kamar ambaliya a gona ko ciwo a gida, akan sassauta masa; in mai ba da bashin ta faɗa wa, akan biya shi da wuri ko da ƙari. Wanda ya ƙi biya alhali yana da hali, akan kai ƙararsa ga manya, ya kuma rasa mai ranta masa nan gaba. A wannan tsari tausayi da lissafin gobe da tsoron zubewar mutunci duk a haɗe suke aiki.

5.0 KAMMALAWA

Amfanin wannan bincike ya fi fitowa wajen tsara dokoki. A 2000 Uri Gneezy da Aldo Rustichini suka buga nazarin gidajen renon yara 10 a birnin Haifa. A 6 daga ciki an sa tarar shekel 10 ga iyayen da suka makara wajen ɗaukar 'ya'yansu. Maimakon makara ta ragu, sai ta kusa ninkawa, kuma da aka janye tarar ba ta koma yadda take ba. A da kunyar malamar da aka bari tana jira ita ke hanzarta iyaye. Da aka sa wa abin farashi, sai ya zama ciniki, kunyar ta tafi.

A taƙaice, gwaje-gwajen ba su kore son kai ba, sun dai nuna cewa yana tafe ne tare da son adalci da ramuwa da kunya, kuma ƙarfin kowannensu ya dogara ga al'ada da yadda aka tsara mu'amala. Duk hukumar da za ta shigar da kuɗi ko tara cikin abin da jama'a suka saba yi don zumunci, kamar gayya ko gyaran maƙabarta, ya kamata ta fara sanin wane dalili ne ke riƙe da aikin, domin tana iya kashe shi ba da nufi ba. Ga ɗaliban harshe kuwa, tattara kalmomin bayarwa da na hanawa a karuruwan Hausa, tare da tantance iyakar ma'anar kowace, aiki ne da zai amfani fannonin biyu.